MAGUNGUNAN RAGE MAIƘON JINI: WANNE YA DACE DA WA?

Wannan jawabi ne na wani malamin asibiti. Ya yi shi gaban taron manoma da makiyaya da ƴan kasuwa, maza da mata. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.

 

Yau maganarmu a kan maiƙon jini ce, da magungunan da likita yake rubutawa don a rage shi. Kowa a nan ya san wani gida inda mai gida ya kwanta lafiya, ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Damina ta zo, ba mai shuka gonarsa. Wasu su ce iska ce ta buge shi. Sau da yawa hanyar jini ce ta toshe cikin ƙwaƙwalwa. Hawan jini, wato tansiyo, shi ne kan gaba wajen jawo wannan. Maiƙon jini kuwa abokin tafiyarsa ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 18 suka mutu saboda ciwon zuciya da na hanyoyin jini.

Ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Magungunan nan ba ɗaya ba ne. Ƙarfinsu ya bambanta. Lokacin shansu ya bambanta. Abin da suke jituwa da shi ya bambanta. Wanda ya dace da kai shi ne wanda likita ya zaɓa bayan ya auna jininka, wanda kuma za ka iya saye kowane wata, ka sha kowace rana.

MENE NE MAIƘON JINI?

Likitoci suna ce masa kolesterol. Wani abu ne mai maiƙo, mai kama da kakin zuma. Jiki yana bukatarsa don gina kansa. Hanta ce take ƙera mafi yawansa. Abinci mai kitse kuma yana sa ya ƙaru.

In an auna jininka, za a ba ka takarda. Ka nemi haruffa uku: LDL. Wannan shi ne mugun maiƙo, mai manne wa bangon hanyar jini. Za ka ga wasu haruffa uku: HDL. Shi wannan yana kwashe maiƙo ya maida shi hanta. Akwai kuma wani kitse na daban, sunansa tirigiliserid.

Masu lambu sun san yadda hanyar ruwa take cikewa da laka. Ba rana ɗaya take cikewa ba. Kaɗan kaɗan ne, har ruwa ya kasa kaiwa ga fangali. Haka LDL yake yi wa hanyar jini, shekara da shekaru. Wata rana wurin da ya taru sai ya fashe, jini ya daskare a kai, hanya ta rufe. In a zuciya ne, sai ciwon ƙirji mai tsanani, ko mutuwar farat ɗaya. In a ƙwaƙwalwa ne, sai shanyewar ɓarin jiki.

Maiƙon jini ba ya sa zazzaɓi. Ba ya sa ciwon kai. Ba a gane shi da ido. Mai ƙiba yana iya samunsa, siriri ma yana iya samunsa. Akwai masu gadonsa daga iyaye: wajen mutum 1 cikin 300 ana haihuwarsa da shi. Awon jini kaɗai yake nuna shi. Ana yin awon a manyan asibitoci, kamar na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, da duk inda akwai ɗakin awon jini. Sau da yawa za a ce ka zo da safe, kafin ka ci kome.

WA YA KAMATA YA SHA MAGANI?

Ba kowa ba. Likita yana duba mutum gaba ɗaya: shekarunsa, tansiyonsa, ko yana da ciwon sukari, ko yana shan taba, da abin da ya faru ga iyayensa. Amma akwai waɗanda kusan kullum ake rubuta wa:

1. Wanda ya taɓa samun toshewar hanyar jini a zuciya ko a ƙwaƙwalwa.
2. Mai ciwon sukari da ya kai shekara 40.
3. Wanda LDL ɗinsa ya kai giram 1,90 cikin litar jini, ko ya wuce.
4. Wanda abubuwa da yawa suka haɗu a kansa: shekaru, tansiyo, taba.

Gwargwadon hatsarin mutum, gwargwadon yadda ake so LDL ya sauka. Wanda ya taɓa faɗuwa, ana so nasa ya sauka ƙasa da 0,70, wasu likitoci ma suna neman ƙasa da 0,55. Saboda haka mutum biyu suna iya samun lamba ɗaya a takarda, a ba ɗaya magani mai ƙarfi, a ce wa ɗaya ya gyara abinci tukuna. Ba son kai ba ne. Hatsarinsu ne ba ɗaya ba.

GIDA NA FARKO: STATIN

Da wannan gida ake farawa. Statin yana shiga hanta, ya rage mata aikin ƙera maiƙo. Da hanta ta ga abin hannunta ya ragu, sai ta buɗe ƙofofinta, ta shiga janyo LDL daga cikin jini. Wasu masana biyu na Amurka, Brown da Goldstein, su suka gano waɗannan ƙofofi na jiki. An ba su kyautar Nobel a 1985.

Wani masani ɗan ƙasar Japan, Akira Endo, shi ya gano statin na farko a 1973. Ya gwada fumfuna iri dubbai, ya same shi cikin wata fumfuna da ta tsiro a kan shinkafa. Ya rasu a 2024. An fara sayar da statin a Amurka a 1987. A 1994 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji na ƙasashen arewacin Turai. Masu ciwon zuciya 4444 aka bi, fiye da shekara 5. An ba rabi statin, an ba rabi ƙwayar da ba magani cikinta. Mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100 wajen masu shan statin. Tun daga nan likitocin duniya suka riƙe shi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa duk lokacin da LDL ya sauka da wajen 0,40, hatsarin toshewar hanyar jini yana raguwa da wajen kashi 1 cikin 5.

Ƴan gidan statin da za ku fi gamuwa da su huɗu ne. Dukansu sunansu yana ƙarewa da statin. A kan kwali za ku ga harafin V, wanda ba mu da shi a Hausa. Mu muna faɗinsa kamar B.

Na ɗaya, simbastatin. A kwali an rubuta Simvastatine, ko Zocor. An fi ba da miligiram 20 ko 40. Yana rage LDL da kashi 35 zuwa 40 cikin 100. Tsoho ne, an san halinsa, yana cikin masu araha. OMS ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna tun 2007. Da dare ake shansa, don da dare hanta ta fi ƙera maiƙo, shi kuma ba ya daɗewa cikin jini. Aibinsa shi ne ba ya jituwa da magunguna da yawa. Mai miligiram 80 kuwa, tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a fara ba sabon mutum shi, saboda yana iya cutar da tsoka.

Na biyu, atorbastatin. A kwali Atorvastatine, ko Tahor. Akwai mai 10, mai 20, mai 40, mai 80. Mai 10 ya kusa kamo simbastatin mai 40. Mai 40 da mai 80 suna rage wajen rabin LDL. Yana daɗewa cikin jini, don haka ana shansa kowane lokaci, safe ko dare, in dai lokaci ɗaya ne kullum. Mai ciwon ƙoda ma yana shansa ba tare da an rage masa ba. Shi aka fi ba wanda ya taɓa faɗuwa.

Na uku, rosubastatin. A kwali Rosuvastatine, ko Crestor. Shi ne ƙaramin ƙwaya mai babban aiki. Akwai mai 5, mai 10, mai 20. Mai 20 yana rage rabin LDL ko fiye. Shi ma ana shansa kowane lokaci. Amma in ƙodar mutum ta yi rauni, dole likita ya rage masa.

Na huɗu, farabastatin. A kwali Pravastatine. Shi ne mai sanyin hali. Mai 40 yana rage wajen kashi 30 cikin 100. Ƙarfinsa bai kai na sauran ba, amma ba ya faɗa da magunguna da yawa. Yakan dace da wanda yake shan wasu ƙwayoyi barkatai.

To, ku lura da abu biyu. Na farko, babbar lamba a kan kwali ba ita ce ƙarfi ba. Rosubastatin mai 10 ya fi simbastatin mai 40 aiki. In a farmasi an ba ka mai 10 maimakon mai 40 da ka saba, kada ka ce an rage maka, ka shiga shan huɗu. Ka karanta sunan, ka tambaya. Na biyu, in mutum ya ninka ƙwayarsa, aikin ba ya ninkuwa. Wajen kashi 6 cikin 100 kawai yake ƙaruwa, hatsarin illa kuwa ya hau. Kada kowa ya ƙara da kansa.

GIDA NA BIYU: EZETIMIB

A kwali Ezétimibe, ko Ezetrol. Shi ba a hanta yake aiki ba, a hanji yake. Yana tare hanya, ya hana maiƙo shiga jini daga hanji. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 10, sau ɗaya a rana. Shi kaɗai yana rage wajen kashi 20 cikin 100. In an haɗa shi da statin, yana ƙara sauke wajen kashi 20 na abin da ya rage. Kun ga ke nan ya fi ninka statin amfani. A 2015 aka bayyana wani gwaji na mutum wajen 18.000 masu ciwon zuciya. An ga cewa ƙara ezetimib a kan simbastatin yana ƙara rage hatsari, ko da yake ragin ba babba ba ne. Ezetimib mataimaki ne. Ana kiransa in statin bai isa ba, ko in jikin mutum ya ƙi statin. Akwai kwalin da aka haɗa su biyu cikin ƙwaya ɗaya.

GIDA NA UKU: FIBIRAT

Wanda aka fi sani shi ne fenofibirat, a kwali Fénofibrate, ko Lipanthyl. Babban aikinsa a kan tirigiliserid ne, wancan kitse na daban. In tirigiliserid ya hau ƙwarai da gaske, yana iya jawo wani ciwon ciki mai tsanani, wanda yake kai mutum gadon asibiti. A nan fibirat yake da amfani. Amma wajen kare zuciya da ƙwaƙwalwa, bai kamo statin ba, kuma ba ya maye gurbinsa. Mai ciwon ƙoda sai da kulawar likita.

Akwai wani ɗan gidan nan, gemfiborozil, wanda ba a haɗa shi da statin. A 2001 an janye wani statin mai suna seribastatin daga kasuwannin duniya, saboda ya lalata tsokar mutane, wasu sun mutu. Da yawa cikinsu sun haɗa shi ne da gemfiborozil. Wannan ya isa ya nuna muku cewa haɗa magani aikin likita ne.

GIDA NA HUƊU: GARIN DAMAWA

Sunansa kolestiramin, a kwali Questran. Tsohon magani ne, ya girmi statin. Gari ne cikin ƴar leda, ana dama shi da ruwa. Yana kama ruwan matsarmama cikin hanji, ya fita da shi. Hanta sai ta ɗebi maiƙo ta ƙera wani. Yana rage kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Ba ya shiga jini. Amma yana kumbura ciki, yana sa bayan gida ya yi tauri. Yana kuma kama sauran magunguna ya hana su aiki. Mai shansa ya sha sauran ƙwayoyinsa awa 1 kafin, ko awa 4 bayan. Yanzu ba a faye rubuta shi ba.

GIDA NA BIYAR: ALLURA

Waɗannan sababbi ne. An fara amfani da biyu cikinsu a 2015, ebolokumab da alirokumab. Ana yinsu ƙarƙashin fata, kowane sati 2 ko kowane wata. Suna rage kashi 50 zuwa 60 cikin 100, a kan abin da statin ya riga ya rage. Akwai na uku, inkilisiran, wanda bayan allurai biyu na farko sai sau 2 a shekara.

Labarin gano su ya shafi baƙar fata. A 2006 masana a Amurka suka bayyana cewa cikin baƙaƙen fatar da suka bincika a can, wajen mutum 2 ko 3 cikin 100 an haife su da wata baiwa. Wani sinadari da yake rushe ƙofofin hanta ba ya aiki sosai a jikinsu. LDL ɗinsu ƙasa yake tun suna yara, ciwon zuciya kuma da wuya ya same su. Alluran nan wannan baiwa suke kwaikwaya.

Amma suna da tsada ƙwarai. Biyun farko sai an aje su cikin firij. An tanade su ne don masu gadon maiƙo mai tsanani, da waɗanda ƙwaya ta kasa. Duk wanda ya zo ƙauye da jaka, ya ce zai yi muku allurar wanke maiƙon jini, ku riƙe kuɗinku.

GA MISALI

Mutum na farko manomi ne, shekara 60, ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa saboda toshewar hanyar jini, ya samu sauƙi. Shi statin mai ƙarfi ya dace da shi, atorbastatin 40 ko 80, ko rosubastatin 20. In bayan wata 3 LDL bai sauka yadda ake so ba, a ƙara ezetimib.

Ta biyu uwargida ce, shekara 50, ta daina haihuwa, tana da ciwon sukari, ba ta taɓa faɗuwa ba. Matsakaicin ƙarfi yakan ishe ta: simbastatin 20 ko 40, ko atorbastatin 10 ko 20.

Na uku ɗan kasuwa ne, shekara 35, ba tansiyo, ba sukari, ba taba, LDL ya ɗan hau. Shi wataƙila ba a ba shi kome ba. A ce ya gyara abinci, ya yi ta tafiya da ƙafa, ya komo awo.

In na uku ya ari maganin na farko, ya ɓata kuɗi. In na farko ya tsaya kan shawarar na uku, ya sa ransa cikin hatsari.

ILLOLIN DA ZA A LURA DA SU

Mafi yawan mutane suna shan statin shekara da shekaru ba abin da suke ji. Ƙarar da aka fi kawowa ita ce ciwon tsoka, a cinya ko sha-raɓa ko kafaɗa, dama da hagu. Amma manomi da ya yini yana noma, dama jikinsa yana ciwo. A 2020 an bayyana wani gwaji na birnin Landan, a kan mutum 60 da suka bar statin saboda ciwon jiki. Wani wata a ba su statin, wani wata a ba su ƙwayar da ba kome cikinta, ba su san wacce ba ce. Kashi 9 cikin 10 na ciwon da suka ji da statin, sun ji shi da ƙwayar banza ma. Saboda haka in ka ji ciwo, kada ka yar da magani ka yi shiru. Ka koma wurin likita. Yana iya rage maka, ko ya canza maka wani ɗan gidan.

Amma ga alamomin da ba a jira. In tsoka ta yi ciwo mai tsanani, ƙarfi ya ƙare, fitsari ya yi duhu kamar shayi mai kauri, ka tsaida maganin, ka tafi asibiti a ranar. Haka kuma in ido ya yi rawaya. Wannan ba ya faye faruwa, amma in ya faru gaggawa yake so.

Statin yana iya ɗan ɗaga sukarin jini ga wanda dama yake bakin kamuwa. An auna an gani, amfaninsa ga mai hatsari ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba.

ABIN DA ZA KA GAYA WA LIKITA

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa, ba a saba ba su statin ba. In kina sha kika ga wata ya wuce, ki je ki faɗa.

Mai ciwon hanta ya faɗa. Wanda ya taɓa yin shawara ya faɗa. Mai ciwon ƙoda ya faɗa. Mai shan giya ya faɗa, ba kunya tsakanin mutum da likitansa.

Ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha. Ga dalili. Amlodifin, maganin tansiyo da mutane da yawa suke sha, in an haɗa shi da simbastatin, kada simbastatin ya wuce 20. Eritoromisin da kilaritoromisin, magungunan kashe ƙwayar cuta, ba a shansu tare da simbastatin. Haka ketokonazol na sha, da wasu magungunan sida. Su waɗannan suna sa statin ya taru cikin jini ya yi yawa. Rifamfisin kuwa, na tarin fuka, akasin haka yake yi: yana kore statin daga jiki da wuri, aikinsa ya ragu. Akwai kuma wani babban lemu mai ɗaci, fampilimus, wanda ba ya jituwa da simbastatin. Lemun zaƙi da muka saba sha ba laifi. In kana shan saiwa ko sassaƙe, shi ma ka faɗa.

MAGANAR KUƊI DA LOKACI

Wannan magani ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne, da ake sha kwana 3 a gama. Yana aiki ne muddin ana shansa. In an bari, cikin ƴan makonni LDL ya koma inda ya fito. Mafi yawan masu shansa, shan na tsawon rai ne. Wanda ya sayi mai tsada wata ɗaya, ya zauna wata huɗu ba magani, mai shan mai araha kullum ya fi shi.

Saboda haka ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka tun kafin ya rubuta ordinansi. Ka tambayi jenerik. Jenerik maganin nan ne dai, suna ɗaya, ƙarfi ɗaya, kamfani ne daban, kuɗi kuma ƙasa. Dukan statin huɗun nan suna da jenerik. In kaka ta yi, an sayar da wake ko gyaɗa, a ware kuɗin magani na watanni, kamar yadda ake ware iri.

A sayi magani a farmasi ko a asibiti. Na kan tire da na bayan keke rana ta dafa shi, ba a san inda ya fito ba. Maiƙon jini kuwa ba a jinsa, don haka in an sayar maka da alli, ba za ka gane ba sai ɓarna ta auku. A gida, a aje kwali cikin inuwa, nesa da yara.

In ka manta yau, gobe ka sha ɗaya kamar kullum, kada ka sha biyu. Watan azumi ba ya hana shan statin, tun da sau ɗaya ne a rana. A sha bayan buɗa baki, ko lokacin kwanciya. Bayan wata 2 ko 3 da farawa, a koma awon jini, don a ga ko maganin ya kama. In lamba ta sauka, alama ce magani yana aiki, ba alamar a daina ba.

MAGANI BA YA AIKI SHI KAƊAI

Ƙwaya ba ta ba mutum izinin cin kitse yadda ya ga dama. Ba ta kuma rage tumbi. A rage man shanu da kitsen nama. In za a ci tsire ko balangu, a zaɓi tsoka, a bar kitse. A rage soye-soye, a daina maimaita mai ɗaya yau da gobe. Man gyaɗa ya fi man shanu dacewa da zuciya, amma shi ma daidai wa daida. Abincin da ke cikin rumbunmu abokinmu ne: gero, dawa, wake, kuɓewa, zogale, yakuwa, kifi. A rage gishiri da dunƙulen miya saboda tansiyo. A rage sukari cikin shayi. Wanda ya koma zaman shago ko hawan babur, ya nemi tafiyar ƙafa ta minti 30 kowace rana. Taba kuwa, barinta ya fi kowace ƙwaya da na ambata araha.

Wanda yake da tansiyo ko sukari, ya ci gaba da maganinsu. Statin ba ya sauke tansiyo. Maganin tansiyo ba ya sauke maiƙo. Kowane da aikinsa.

A TAƘAICE

Ga abubuwa shida da za ku riƙe:

1. Awon jini kaɗai yake nuna maiƙon jini.
2. Da statin ake farawa. Atorbastatin da rosubastatin sun fi ƙarfi. Simbastatin da dare ake shansa. Farabastatin ya fi jituwa da sauran magunguna.
3. Ezetimib mataimaki ne. Fibirat na tirigiliserid ne. Allura ta masu tsananin bukata ce.
4. Ka karanta suna da lamba a kan kwali, ka rubuta su cikin littafinka. In ka je wani gari, ka nuna.
5. Ba a aron magani, ba a ba da aronsa.
6. Kada ka fara da kanka, kada ka ƙara da kanka, kada ka daina da kanka.

In a gidanku akwai mai tansiyo, ko mai sukari, ko wanda ya taɓa faɗuwa, ku raka shi asibiti ranar kasuwa mai zuwa, ku tambayi maganar awon maiƙon jini. Ɗan da ya iya karatu ya riƙa duba wa mahaifinsa kwali. Matar da ta iya lissafi ta riƙa ƙirga wa mijinta ƙwaya, ta san ranar da za ta ƙare, a sayo wata kafin ranar.

 Mai tambaya ya matso, mu duba takardarsa tare. Allah ya ba mu lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.